Yadda Ake Zaɓar wa Jariri Suna da Rubuta Shi Yadda Ba Zai Ba Shi Wahala Ba

Suna linzami ne, in ji masu iya magana. Sai dai wannan linzamin ba mai shi ne ke zaɓa ba. Wasu ne ke ɗaura masa tun bai san damansa da hagunsa ba, kuma da shi zai shiga makaranta, da shi zai nemi aiki, da shi za a ɗaura masa aure, da shi za a raba gadonsa. Kowane suna yana zaune a wuri biyu, a baki da kuma a takarda. Iyaye kan ba na baki dukkan hankalinsu, su bar na takarda a hannun duk wanda ya riƙe biro a ranar rajista. Daga nan yawancin matsalolin ke farawa.

Ku fara da sanin tsarin sunan gidanku

Kada a bari sai an haihu. Watan bakwai na ciki lokaci ne mai kyau, domin akwai sauran natsuwa kuma ba a fara karɓar baƙi ba. A ɗauki takarda a zauna da wanda ya fi kowa tsufa a ɓangaren uba, sannan na ɓangaren uwa. A rubuta sunayen hawa uku: iyaye, kakanni, da iyayen kakanni. Gaban kowane mutum a yi gurbi biyu, ɗaya na sunan yanka, ɗaya na sunan da aka fi saninsa da shi. Za ku yi mamakin yawan tsofaffin da jikokinsu ba su san ainihin sunansu ba, sai lakabi.

Da kun duba jerin za ku gane tsarin da gidanku ke bi, domin duniya ba ta taru a kan tsari ɗaya ba. Akwai masu jingina yaro ga sunan mahaifinsa kai tsaye, ta yadda suna na biyu ke sauyawa a kowane hawa. Haka Larabawa ke yi da "ibn" da "bint". Haka ake yi a Habasha, inda Gebrselassie da ke cikin sunan shahararren ɗan tsere Haile Gebrselassie sunan mahaifinsa ne, ba na dangi ba. Mutanen Aislan ma haka: ɗan Jon ya zama Jonsson, 'yarsa ta zama Jonsdottir, shi ya sa littafin lambobin wayarsu da sunan farko aka jera shi. Akwai masu sunan dangi guda da ba ya sauyawa, kamar Turawan Ingila da mutanen Sin da Koriya, sai dai su na Sin da Koriya sunan dangin suke fara faɗa. A Koriya ta Kudu kusan mutum ɗaya cikin biyar Kim ne. Sannan akwai masu ɗaukar biyu: a Sifaniya, idan uba García López ne, uwa kuma Martínez Ruiz, ɗansu zai zama García Martínez, kuma tun 1999 doka ta ba iyaye damar sa na uwa a gaba in sun so.

Kada wani ya ruɗe ku da cewa sunan dangi mai ɗorewa shi ne asali ko shi ne wayewa. A wurare da dama gwamnati ce ta ƙaƙaba shi don sauƙin haraji da ƙidaya. A Filifin, gwamnan mulkin mallaka Narciso Clavería ne ya raba wa jama'a sunaye daga cikin kundi a 1849. Turkiyya sai a 1934 ta wajabta wa kowa sunan dangi, kuma a shekarar ce majalisa ta ba Mustafa Kemal sunan Atatürk. Abin da ya rage gare ku shi ne yanke shawara sau ɗaya: wane suna ne zai riƙa shiga gurbin ƙarshe a takardun duk 'ya'yanku, na uba ko na kaka? Idan yaya ya ɗauki na uba, ƙane ya ɗauki na kaka, ranar da za a nemi hujjar cewa 'yan uwa ne, wajen biza ko gado ko inshora, sai an sha zirga-zirga.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi a nan shi ne yaron riƙo. A ƙaunace shi, a ba shi duk abin da ake ba ɗan ciki, amma a bar masa sunan mahaifinsa. Ga Musulmi wannan umarni ne a aya ta 5 ta Suratul Ahzab, wadda bayan saukarta aka daina kiran Zaidu, yaron riƙon Annabi (SAW), da Zaidu ɗan Muhammadu, aka koma Zaidu ɗan Harisa. Inda dokar ƙasa ta ba mai riƙo damar sa nasa sunan, to a adana takardar asali, domin wata rana yaron zai tambaya, ko likita ya tambaya.

Batun takwara

Nan ne rigima ta fi yawa, don haka a yi shi da wuri. Yi wa mutum takwara girmamawa ce, kuma hanya ce ta hana suna ɓacewa a zuri'a. Girkawa kan ba ɗan fari sunan kakansa na wajen uba. Yahudawan Ashkenazi ba sa yi wa mai rai takwara sai wanda ya rasu, alhali 'yan uwansu Sefardi suna alfahari da sa sunan kakan da ke raye. Jayayyar ma tsohuwa ce. Linjilar Luka ta kawo yadda dangi suka so a kira jariri Zakariya kamar mahaifinsa, uwar ta ƙi, uban ya nemi allo ya rubuta cewa sunansa Yahaya. Suratu Maryam kuma ta ce ba a taɓa sa wa wani wannan sunan ba kafinsa.

Kafin a amince da takwara, a yi tambaya uku. Mutum nawa ne ke da sunan a dangi yanzu? Idan sun kai uku a hawa ɗaya, kuma duk sunan kaka ɗaya suke sawa a ƙarshe, to an samar da mutum uku masu suna iri ɗaya sak, kuma wata rana sakamakon jarabawa ko takardar asibiti ko saƙon banki na wani zai faɗa hannun wani. Maganinsa suna na tsakiya da ya bambanta. Ta biyu: za a iya kiran sunan a gida? A gidaje da dama nauyin mai sunan kan hana a ambace shi, sai a ɓoye shi da lakabi, yaro ya girma da sunan da ba a taɓa kiransa da shi ba sai a aji. Ba laifi ba ne, amma ku san haka za a yi, ku zaɓi lakabin da kanku. Ta uku, wadda mutane ba sa son ji: idan takwaran yana raye kuma ba dangi ba ne, kamar ɗan siyasa ko mawaƙi ko maigida a wurin aiki, kun shirya wa ranar da zai yi abin kunya ko ku ɓata? Shi zai ci gaba da harkarsa, yaronku ne zai ci gaba da amsa sunan. Wanda ya riga ya cika da kyakkyawar shaida ya fi aminci.

Akwai kuma nauyin da ba a gani. Yaron da aka ba sunan yayansa da ya rasu, ko sunan wani babban malami a dangi, yakan tashi ana auna shi da mutumin da bai taɓa gani ba. Idan za a yi, a daina cewa "mai sunan nan ba haka yake ba" duk lokacin da ya yi kuskure.

A binciki ma'ana, kada a dogara da daɗin sauti

Yanzu kowanne cikin uwa da uba ya rubuta sunaye biyar shi kaɗai, na namiji da na mace, ko da hoton asibiti ya nuna jinsi, domin yakan yi kuskure. A haɗa jerin, kowa ya soke wanda ba zai iya zama da shi ba, ba tare da an tilasta masa kawo dalili ba. Abin da ya rage, kada ya wuce uku, shi za a bincika.

Binciken na nufin gano harshen da sunan ya fito, da yadda ake rubuta shi a can, da ma'anarsa a ƙamus ko a bakin wanda ya karanci harshen. Shafukan intanet masu jera sunayen jarirai ba hujja ba ne. Suna kwafar juna, kuma kusan kowane suna sai su ce yana nufin fure ko kyautar Allah. Haka nan, kasancewar kalma a cikin littafi mai tsarki ba ya mai da ita suna mai kyau, tunda sunan Fir'auna ma yana ciki.

Harafi ɗaya kan juya ma'ana. Asiya matar Fir'auna, da alif da sinun ake rubuta sunanta. Akwai wata kalmar mai ainun da sadun, ma'anarta mai saɓo, kuma a rubutun boko duka biyun kamanninsu ɗaya. Wannan ta biyun ce Annabi (SAW) ya sauya wa 'yar Umar, ya kira ta Jamila. Ya kuma sauya Barra zuwa Zainab saboda sunan yana ɗauke da yabon kai. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Hazn, wato tsauri, aka ce ya koma Sahl, wato sauƙi, ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'idu da kansa ya ce tsaurin bai bar gidansu ba bayan haka. Wani kuskuren da ya yaɗu shi ne rubuta Abdul shi kaɗai. Ma'anarsa "bawan", maganar ba ta ƙarasa ba, sai an haɗa da Rahman ko Aziz ko Malik.

Sunan da ke ba da labarin haihuwa yana da nasa daɗin. Kofi Annan, a tsarin mutanen Akan na Gana, Kofi na nufin namijin da aka haifa ranar Juma'a, kuma sunansa na tsakiya, Atta, na nuna tagwaye ne. Irin wannan ba ya cutar da kowa. Wanda ake gudu shi ne sunan da ke adana ɓacin rai: na habaici ga kishiya, na gori ga dangin miji, na tuna talauci ko rashin lafiya. Rigimar za ta wuce, yaron zai rage yana yawo da ita a katin shaidarsa.

Gwajin baki

Kowane suna cikin ukun a faɗe shi da ƙarfi haɗe da na uba da na kaka. A kira shi kamar ana kiran yaro daga nesa, a kira shi cikin faɗa, a kira shi da "Dakta" ko "Malama" a gaba. Sunan da ya dace da jariri mai kumatu amma bai dace da dattijo ɗan shekara 60 ba, lakabi ne, a bar shi a lakabi. A ba tsohuwar da ta fi kowa tsufa a gida ta faɗa, a ba yaro ɗan shekara biyar ya faɗa. Yadda suka lanƙwasa shi, haka zai zama. A tambayi kai yadda 'yan aji za su gutsure shi, da kalmar da ya yi kama da ita a sauran harsunan da yaron zai zauna cikinsu. A duba haruffan farko in an jera su, kada su ba da wata kalmar banza.

Shin suna yana shafar yadda ake karɓar mutum? Yana shafa. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Shikago, masu ƙwarewa iri ɗaya, sunaye kawai suka bambanta. Masu sunayen da aka saba ji a wurin farar fata sun fi masu sunayen baƙar fata samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Wannan aibin masu ɗaukar aiki ne, ba na sunan ba, kuma ba dalili ba ne na jefar da sunan kakanni. Amfaninsa ga iyaye shi ne su san cewa suna yakan riga mai shi shiga ɗaki. Wanda ke zaune cikin baƙin harshe zai iya haɗa biyu: suna na asali, da na tsakiya mai sauƙin faɗa, yaron ya zaɓa in ya girma.

Rubutu: a tsayar da shi sau ɗaya

Muhammad, Mohammed, Muhammed, Mohamed. A kunne mutum ɗaya ne, a kwamfuta mutum huɗu ne. Kafin a je rajista, uwa da uba su rubuta cikakken sunan da manyan haruffa a takarda ɗaya, su nuna wanne ne na farko, wanne na tsakiya, wanne na ƙarshe. Sunan uba a kwafe shi harafi da harafi daga katin shaidarsa ko fasfonsa, ba daga ka ba. Wannan takardar za a miƙa wa ma'aikaci. Kada a faɗa masa da baki, domin zai rubuta yadda ya saba.

A yanke shawara kan sunaye masu haɗi. Abdurrahman, Abdulrahman, Abdul-Rahman da Abdul Rahman ba ɗaya ba ne a wurin na'ura. Idan aka raba shi biyu, wani fom zai ɗauki Abdul a matsayin sunan farko, Rahman ya koma na tsakiya, wata rana ma a taƙaice shi zuwa R. Haɗe shi ya fi tsaro.

A kuma ƙirga haruffa. A ƙasan shafin hoto na fasfo akwai layi biyu da na'ura ke karantawa, kowanne mai gurbi 44. A layin farko gurbi 39 ne kacal na suna. Sunan ƙarshe ake fara sawa, sai alamar < guda biyu, sai sauran sunaye da alama ɗaya a tsakaninsu. MUHAMMAD<<ABDURRAHMAN<ABUBAKAR<SADIQ ya cinye 36. Ƙara ALI kawai ya kai 40, dole a yanke. Suna uku ya isa, huɗu shi ne iyaka. A wannan layin babu alamar ɗauri ko ɗigo ko ƙugiya: O'Brien yakan koma OBRIEN, Ü na Jamusanci ya koma UE. Saboda haka duk sunan da ke da irin waɗannan alamu, ku san tun yanzu yadda zai fito in an cire su, kuma da wannan siffar ake sayen tikitin jirgi.

Ƙarancin suna ma matsala ne. Mutane da yawa a Indonesiya da kudancin Indiya suna ɗaya gare su, kuma a bizar Amurka akan cike musu gurbin da ya rage da haruffan FNU, ma'ana ba a san sunan farko ba. Akwai waɗanda suka wayi gari ana kiransu Mista Fnu a asibiti da banki. Kada a bar gurbin sunan ƙarshe fayau. Kuma kada a cusa muƙami ko sarauta cikin suna. Niyu Zilan tana ƙin yi wa irin su King da Prince da Justice rajista saboda suna kama da muƙami, kuma ko inda aka yarda, sukan rikita takardu.

Rajista

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 7, ta ce a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin samun suna tun daga haihuwa. Wa'adin ya danganta da ƙasa: kwana 5 a Faransa, mako ɗaya a Jamus, 14 a Japan, 21 a Sukotlan, 42 a Ingila. Wanda ke raɗa suna a rana ta bakwai ko ta takwas, ya duba wannan tun kafin haihuwa, domin a wuri kamar Faransa wa'adin zai cika kafin ranar. Sai a tsayar da sunan a kai wa hukuma, a yi taron daga baya. Wasu ƙasashen ma suna tace sunan kansa. Aislan na da kwamitin sunaye tun 1991, kuma wata kotu a Faransa ta hana sa wa yarinya Nutella, sunan wata cakulan da ake shafa wa burodi.

Takardar da asibiti ke bayarwa shaida ce ta cewa an haihu, ba ita ce takardar haihuwa ta hukuma ba. Da ita ake zuwa a karɓo ta hukuma. Idan an miƙo muku, kada ku tashi daga gaban teburin sai mutum biyu sun karanta: haruffan suna, jerinsu, jinsi, da ranar haihuwa, musamman inda rana da wata za su iya musanya, kamar 03/04. Gyara a wannan lokacin minti biyu ne. Bayan shekara goma kuwa sai da takardar rantsuwa daga kotu, wani wurin har da sanarwa a jarida. A ɗauki hotonta, a yi kwafi, a ajiye ta asali inda ruwa da gara ba sa kaiwa.

Daga nan duk wata takarda daga wannan ake kwafa: katin rigakafi, rajistar makaranta, jarabawar kammala sakandare, katin ɗan ƙasa, asusun banki, fasfo. Wurin da aka fi samun ɓaraka shi ne ranar farko a makaranta, lokacin da aka tambayi yaro ko wanda ya rako shi, ya faɗi lakabin gida, malami ya rubuta. Nelson Mandela sunan da mahaifinsa ya sa masa Rolihlahla ne, malamarsa ce ta ba shi Nelson a ranarsa ta farko a aji, kuma shi ya bi shi har fadar shugaban ƙasa. Ku kai yaro da kanku, da kwafin takardar haihuwa a hannu, ku sake dubawa kafin a tura sunansa hukumar jarabawa.

Bayan an raɗa

Lakabi zai zo ko an so ko ba a so, kuma wanda aka fara kira a watannin farko shi ke kamawa. A hana na siffar jiki ko launi ko naƙasa tun ranar farko, ko daga bakin kaka ya fito. Da yaro ya kai shekara huɗu zuwa biyar, a koya masa cikakken sunansa da na iyayensa, domin yaron da ya ɓace a taro bai san komai ba sai "Baba" da "Mama" yana da wuyar mayarwa gida. In ya ƙara wayo a gaya masa wanda ya ci sunansa, da abin da ya sa aka zaɓe shi. A rubuta wannan a bayan takardar nan ta hawa uku da aka fara da ita, a ƙara sunansa a ƙasa.

Idan ya girma ya ce zai sauya, a saurare shi kafin a yi fushi. Ɗan dambe Cassius Clay ya koma Muhammad Ali a 1964 domin ya ce na farkon sunan bauta ne, kuma akwai masu dalilan da ba su kai wannan girma ba amma suna ci musu rai kullum. Haka mace a wajen aure: a Habasha da ƙasashen Larabawa ba ta sauya suna, Girka ta wajabta mata riƙe nata tun 1983, Japan kuwa dokarta ta ce ma'aurata su yi suna ɗaya. Inda zaɓi ne, ta lissafa takardun karatu da na aiki da za su saɓa da sabon sunan kafin ta sa hannu. Duk mai sauyawa ya bi jeri: takardar kotu ko ta hukumar rajista da farko, sai katin ɗan ƙasa, sai fasfo, sai banki da wurin aiki. Takardun makaranta galibi ba a sake buga su, don haka takardar sauyin sunan za ta zauna tare da su a fayil ɗaya, kuma a yi mata kwafi fiye da ɗaya da tambarin hukuma.